Foldar da ke da sunan Bature

Kwamfutar gidanmu tsohuwa ce. Baba ya samo ta a unguwar Akwatialine, nan Kumasi, wajen masu sayar da kayan da aka gama amfani da su a Turai. Da aka kunna ta, sunan wani Bature ya fito. Yayana ya goge shi ya sa sunan gidanmu, kuma tun ranar ya zama mai kwamfuta. Dokarsa ɗaya ce: mu yi rubutu, mu kalli hoto, amma kada wanda ya taɓa saiti.

Ni kuwa na lura da wani abu. Idan ka shiga ɓangaren C na ma'ajiyar kwamfutar, ka buɗe foldar Users, sunan Baturen yana nan. Na fuska kawai Yaya ya canza. Duk abin da muke ajiyewa cikin wannan folda yake faɗawa. Ban gaya wa kowa ba, don a gidanmu ba a tambayata irin wannan.

A ciki na ajiye muryar Kaka, mahaifiyar Mma. A shekararta ta ƙarshe nakan zauna kusa da ita tana tsince wake, in ɗauki maganarta da wayar Mma. Ta ba ni labarin zuwansu Kumasi a bayan motar goro, da yadda ta koyi yaren Twi a kasuwar Asawase da nuni da yatsa. Wayar ba ta da wuri, sai in kwashe in zuba a kwamfuta in goge na wayar. Bayan rasuwarta Mma ta ce ba za ta iya ji ba tukuna, in adana mata.

Wata ranar Asabar na dawo daga makarantar allo na tarar da fuskar kwamfutar fayau. Babu hoton bikin sunan ƙanwata, babu komai. Yaya yana zaune yana shan koko, ya ce C ta cika har ta yi ja, shi ya sa ya buɗe sabon shafi da sunansa, ya share tarkacen Baturen da ya cinye wuri. Har kwamfutar ta ce kayan sun fi ƙarfin kwandon shara, ya ce ta share gaba ɗaya. Yana faɗa yana jin daɗin kansa.

"Yaya, ka buɗe ta kafin ka share?"

"In buɗe in ga me? Hotunan karen Bature?"

Na ce masa Kaka na ciki. Ya ajiye kofin. Na zaci zai ba da haƙuri, sai ya ce wa ya ce in ajiye Kaka a ɗakin Bature. Ƙanwata ta yi dariya don ba ta gane ba. Ni kunnuwana suka yi zafi. Buɗewa ɗaya kawai ake buƙata. Mutumin da ba ya zubar da leda sai ya leƙa cikinta, shi ne ya share shekara guda ta maganar tsohuwa bai duba ba.

Ban nemi izini ba, na ja kujerarsa na zauna. Na shiga Users, foldar ta tafi. Na duba kwandon shara, wayam. Sai na tuna wani abu. Malamin kwamfuta ya taɓa nuna mana yadda ake canza wa folda mazauni, daga C zuwa ɗayan ɓangaren, D, ba tare da ta ɓace ba. Na gwada a gida a ɓoye da foldar waƙoƙi, don ita ce ba wanda ke kula da ita. Sauran ban taɓa ba, saboda dokar Yaya.

Na buɗe D. Foldar waƙoƙi na nan, da wa'azin Baba da waƙoƙin biki. A can ƙasa akwai murya ɗaya da ta faɗa ciki bisa kuskure. Ba labarin motar goro ba ce. Kaka ce tana tari, tana faɗa wai an cika wa miya gishiri, sannan ta kira sunan Mma ta ce a kawo mata ruwa.

Mma ta shigo da hannu duk sabulu, ta tambayi abin da ake yi wa hayaniya. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon Yaya. Ta goge hannu a zaninta ta ce in kunna mata wadda ta rage.

Na kunna. Da Kaka ta kira sunanta, Mma ta amsa a hankali, "Na'am, Inna."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya miƙo wuya, ya ce in ƙara sauti. Ban ƙara ba. Da aka gama na kwafe muryar a wayar Mma da ta Baba, na tashi na bar masa kujerarsa da C ɗinsa mai wuri.