Dunduniyar Mai Dauriya

Abinci nake sayarwa a bakin titin matatar mai, wajen Rido, kuma mai sayar wa direbobin tanka tuwo ba ta san zama ba. Daga safe har la'asar a tsaye nake, tsakanin tukunya da benci. Da ciwon dunduniya ya kama ni, takun farko da safe sai in ji kamar na taka ƙusa. Na shafa man zafi, na gasa da ruwan ɗumi, na sayi silifas mai laushi, duk a banza. Daga ƙarshe likita ya ce jijiyar tafin ƙafar ce ta kumbura, ƙafa biyun duka, sai an yi allura a cikin dunduniyar kanta, ɗaya yanzu ɗaya daga baya. In ba haka ba in haƙura da tsayuwa, wato in rufe rumfa.

A wajenmu mace ba ta zuwa asibiti ita kaɗai, sai a ce ba ta da dangi. Yayar mijina ce ta raka ni, wadda muke kira Anti, babba ce a zumuntar matan cocinmu a Sabon Tasha. Ita ta tsaya a kaina duk haihuwar da na yi, kuma tun ta fari take yawo da ni a baki, wai matar ƙanenta ko uhum ba ta cewa a kan gwiwa. Amaren coci sun sha wannan labarin har sun gaji.

Na hau gado, nas ta goge mini dunduniyar dama. Likita ya ce, "Akwai allurar kashe zafi da ake fara yi. Ita ma tana da ɗan zafinta, shi ya sa wasu ke cewa a soka sau ɗaya a gama. Wanne za a yi?"

Tambaya ce mai kyau, sai dai Anti yake kallo, don ita ce babba a ɗakin.

Ta ce, "Wannan? Dokta, ba ka san ta ba. Yi mata kai tsaye. Allurar da ba ta yi zafi ba ai ba ta aiki, kar ka tsinka mata magani."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ba haka abin yake ba, amma bai ja maganar ba. Ni kuwa abin da ya ce mini shi ne, "Madam, kin shirya?" Ba a ƙaryata yayar miji a gaban baƙo, don haka na gyaɗa kai.

Na haihu, mai ya ƙona ni, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Zafin ya tashi daga dunduniya ya tafi har tsakar kaina. Na cusa gefen zanina a baki na cije, zufa ta jiƙa mini riga. Anti tana tsaye tana murmushi kamar ita aka ba kyauta, tana cewa, "Ka gani ko, Dokta?" Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake. Ƙafa tawa, zafi nawa, yabo nata.

Abin haushi, ƙafar ta warke. Anti ta samu hujja, ta kai wa zumunta cewa zafin ne ya kori ciwon.

Saura ta hagu, na ƙi komawa. Tsoro nake ji, kuma ba wanda zan faɗa wa, don mai dauriya ba ta da izinin tsoro. Na yi ta ɗingishi, na koma tuƙa tuwo a zaune, shi kuwa tuwon taro ba ya tuƙuwa a zaune, gudaji yake yi. Direbobin da suka saba da ni suka fara gaishe ni su wuce rumfar gaba. Ranar da na koma gida da rabin kular tuwo ba a taɓa ba, na san dole in je.

Anti ta sake ɗaura ɗankwali ta biyo ni. Likita ya maimaita tambayarsa, idonsa ya sake nufar inda take. Kafin ta buɗe baki na ce, "Dokta, ƙafar a jikina take. Ni za ka tambaya. A kashe mini zafin tukuna."

Anti ta ce, "Haba, ke da kika..."

Na ce, "Anti, don Allah ki ɗan jira ni a waje."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki jakarta ta fita. Allurar kashe zafin ta soke ni, zafinta bai kai rabin na wancan karon ba, amma ban nemi gefen zani ba. Na buɗe baki na ce wayyo Allah da iyakar muryata, har nas ta zabura. Babbar allurar da ta biyo baya kuwa, dannawa kawai na ji.

Muna cikin keke a hanyar gida, har mun kusa kasuwar Sabon Tasha. Ba tare da ta dube ni ba Anti ta ce, "Na ji ki daga waje. Ashe kina jin zafi."

Na ce, "Tun haihuwar fari nake ji, Anti. Ba ki taɓa tambaya ba ne."