Ranar da Aka Kifa Kwanuka

Har na mutu ba zan manta da ranar da Yari ya ɗanɗana tuwon Baba Ilu ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina kofur ɗin gandiroba a wani gidan yarin En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙasar Kazaure, madafa tana hannuna. Ku yaran yanzu ba ku san Yari ba: shi ne shugaban gidan, maganarsa yanka ce.

Abincin fursuna gabza ake ce masa. Dawa ce ba surfe, ba tankaɗe, a tuƙa da dusarta a watsa ruwan kuka a kai.

Baba Ilu mahauci ne daga wajen Roni, siyasa ta kawo shi. Da ya zo ba ya ci, ba ya magana, ido kawai. Na ji tsoro kada dattijo ya mutu a hannunmu, sai na sa shi hura wuta. Kai! Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya karɓe muciya, ya sa matasa surfe, ya roƙi daddawa wajen masu ziyara. Ya kuma kafa doka: duk wanda ya ce gabza a gabansa, shi zai wanke tukunya. Baba Ilu ya miƙe, har waƙa yake yi a bakin murhu.

Ranar zagaye Yari ya gutsuri loma, ya haɗe rai.

“Wannan gidan yari ne ko gidan biki? Daga gobe a koma gabza.”

Baba Ilu ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni alƙali ya ɗaure, bai ɗaure dawa ba. Me ta yi da za a wulaƙanta ta?”

Nan take aka tura shi fasa dutse. Na san in ya daɗe a can, gawarsa za mu ɗauko.

Washegari aka tuƙa gabza. Fursunoni suka yi layi, kowa ya zo gaban tukunya sai ya kifa kwanonsa ya wuce. Ba hayaniya, ba zagi. Yari ya fito yana huci, ya dube ni.

“Kofur, ci ka nuna musu abinci ne.”

Wallahi raina ya riga ya ɓaci. Na ƙame na ce, “Ranka ya daɗe, ko akuyata ba zan ba wannan ba.”

A gaban kowa ya cire mini igiyata ta kofur. Amma gidan da ba a cin abinci labarinsa ba ya ɓoyuwa, shi ma ya sani. Kafin la'asar aka dawo da Baba Ilu madafa, tafin hannunsa duk ya fashe.

A aikin nan na koyi cewa tsare mutum aka ba mu, ba a ba mu izinin tozarta shi ba. Igiyar kuwa har na yi ritaya ba a mayar mini ba, ni ma ban taɓa roƙo ba.