Ashe Kufai Ba Sunan Garinmu Ba Ne

'Ya'yana, abin nan da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. Ni ya faru da ni, a Makka, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa, kuma Allah shaida ne ban ƙara masa komai ba.

Lokacin ina zaune a unguwar Jarwal da 'yata Ramlatu, mijina ya rasu, ina tuyar waina a ƙofar gida, in aikin hajji ya zo kuma in bi masu dafa wa alhazai abinci zuwa Arfa. Ina 'yar shekara shida iyayena suka taso da ni daga ƙasar Hausa a ƙafa. Babana ya rasu tun ba mu fita Chadi ba, innata ta bi shi a Sudan, wata mata a cikin ayari ta riƙe ni. Abin da na riƙe daga bakin innata ɗaya ne, kullum in ta zauna sai ta ce, "Garinmu kufai ne." Ni kuwa yarinya, na ɗauka sunan garin ke nan, na girma duk wanda ya tambaye ni sai in ce 'yar Kufai ce ni.

To, wani tela mai suna Sale ya nemi Ramlatu, tana sonsa yana sonta. Baffansa Alhaji Mamman ya zo neman aure, aka gaisa, ya ce, "Hajiya, ku mutanen ina ne a gida?"

Na ce, "Kufai."

Ya yi dariya har da riƙe gemu. "Hajiya, kufai ai inda gari ya tashi ne, ba gari ba. Wane garin ne ya tashi?"

A zamanin nan a Makka, wanda bai iya faɗin asalinsa ba, sai a fara raɗa cewa sayo kakanninsa aka yi. Alhaji ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Tayyib, to madalla. Ki bincika. In an sauko daga hajji babu suna, halas, shi ke nan, ɗanmu zai nemi wata." Ramlatu ta daina cin abincin kirki, ni kuma na bi Jarwal gida gida ina tambaya, babu wanda ya san iyayena.

Ranar Arfa, rana tsaka, zafi kamar zai fasa dutse, ina bayan rumfa ina wanke tukwane ina kuka ni kaɗai, sai ga wata tsohuwa cikin farin mayafi ta tsuguna a gabana. Idonta na hagu a mace yake, bayan hannunta kuma akwai tabon ƙuna, dogo. Na ce mata da Larabci ko moya take so, wato ruwa. Ta ce da Hausa tsantsa, irin wadda rabona da ji tun innata, "Ba ni in sha, jikar maƙera."

Na ba ta. Ta sha, ta ce, "Rafin Ƙirya. Maimaita."

Na maimaita.

Daga nan ta shiga jero mini, ba sauri, kamar mai koya wa yaro karatu. Ta ce wani maƙeri ne, Jatau, ya sari garin, ya biyo baƙin yashin da ake narka ƙarfe da shi har gindin wata ƙirya, ya haƙa rijiya a nan. Unguwa uku ce, ta maƙera, ta marina, da ta baƙi a bayan ganuwar ƙaya. Kasuwa ran Talata. Amarya ba ta shiga ɗakinta sai ta ɗebo guga ɗaya a rijiyar Jatau ta zuba wa ƙiryar. Jatau ya haifi Barau, Barau ya haifi Nomau, Nomau ya haifi ubana. Shekarar yunwa rijiyar ta ƙafe, mutane suka watse. Sau uku ta sa na faɗa mata, in na yi kuskure ta ce, "A'a, 'yar nan, marina ke gabas."

Uwar aikinmu ta ƙwala mini kira, na waiga na amsa, na juyo. Ba kowa. Arfa dai taron duniya ce, na ce ta shige cikin jama'a.

Da muka sauko na je na zayyana wa Alhaji Mamman. Bai gaskata ni nan take ba, ya aika aka ɗauko wani dattijo mai sayar da tasbaha, Baba Ɗanjuma, wanda aka ce daga yankin nan ya fito. Ina cewa Rafin Ƙirya dattijon ya gyara zama. Ina kaiwa kan gugar amarya ya fashe da kuka, ya ce, "Wallahi jikar Nomau ce. Nomau ne ya ƙera mini fartanyata ta fari."

Alhaji Mamman ya ce, "Hajiya, ki yafe mini dariyar da na yi. A sa rana."

Sanyin da na ji a raina ba ya faɗuwa. Sai Baba Ɗanjuma ya tambaye ni wa ya ba ni labarin nan, don ko shi ya manta sunan uban Nomau. Na kwatanta masa tsohuwar, idon da tabon.

Ya ce, "Gwaggo Tabawa ke nan, ƙanwar kakanki. Tartsatsin maƙera ne ya ci idon. Da kowa ya tashi ita ta ƙi, ta ce wa za ta bar wa rijiya. Mu huɗu muka rage muka binne ta a gindin ƙiryar, sannan muka kama hanya. An fi shekara talatin."

Na ce ko wata ce mai kama da ita. Ya ce, "Allah ne masani," bai ƙara ba.

An ɗaura auren, na ga jikoki, na ga tattaɓa kunne, kowannensu kuma kafin ya iya ƙirga goma ya iya Jatau, Barau, Nomau. Wace ce ta zo mini, har yau ban sani ba, kuma na daina tambayar malamai. Ku dai da ke da tsoho a gida, ku zauna kusa da shi yau ɗin nan, ku sa ya faɗa muku garinku da wanda ya sare shi, ku maimaita har ya zauna. Ba kowa ake taso wa mamaci ya zo ya gaya masa ba.