Gansakuka a Tankin Loretta

Sau ɗaya tak Wendell ya taɓa kayar da matarsa Loretta, 'yar birnin Tampa, a musu. Ya ce kada ta fasa ƙwayoyin gansakukar nan masu kama da koren inabi a tankin kifinta na ruwan gishiri. Uwar taurin kai ta fasa, suka yaɗu, suka fara shaƙe murjanin da take reno a ciki.

Wendell ya rantse Asabar tankin zai tafi bola. Ta duƙufa da hantsaki tana cirewa ɗaya-ɗaya, numfashi a riƙe, don in ɗaya ta fashe an koma gidan jiya.

"Haƙura, tsohuwa," in ji shi. "Abin da ya yi kane-kane haka ba ya fita."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani, maigida. Ai ga ka nan zaune."