Takardar Larai da Na Sha

Matata Larai 'yar gidan malamai ce a Gwandu, ta iya rubutun ajami tun tana gaban mahaifinta. Ni fataucin goro nake yi, karatuna bai wuce abin salla ba. Wajen 1954 ta fara rubuta labarai na mata, takarda biyu ko uku, a kai wani gida, wadda ta iya ta karanta wa sauran suna kaɗin auduga. Kafin shekara biyu ana kwafar su har Dalijan da Kalgo. In na sauke kaya a kasuwa, ba a tambayar goro sai an tambayi abin da Larai ta aiko.

Wanda aka fi so shi ne labarin Indo, matar da mijinta ya tafi fatauci shekara bakwai babu labari. Ƙarshensa kaɗai ya rage. Kubura, wadda ke karanta wa matan Kalgo, ta riga ta sanar za a ji shi ranar sunan jikarta.

Ana saura kwana uku zazzaɓi ya kwantar da ni. Larai ta tafi barka maƙwabta. Na ga takarda a ninke cikin gafaka, da bisimilla a samanta, na ɗauka addu'ar da surukina ya ce zai aiko ce. Na wanke ta a ƙoƙo na shanye.

Da ta dawo ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce takardar ƙarshen labarin Indo ce, babu wata sai ita, kuma a cikinta ta kashe mijin Indo a hanya, wata biyu tana neman yadda za ta faɗa.

"To Malam, ya jikin?"

Na ce gaskiya da sauƙi.

"Ka sha mutuwar mutum ka tashi. Ni kuma ba zan iya kashe shi sau biyu ba."

Ta haɗa tawada ta zauna. A sabuwar takardar mutumin ya dawo da ɗingishi, babu jaki babu kaya, Indo ta ɗebo masa ruwa. Ni na kai ta Kalgo da hannuna. Daga zaure na ji muryar Kubura ta tsaya, sannan aka ce ta maimaita.

Har Larai ta rasu ba ta taɓa gaya mini wanne ta fi so ba.