Ƙafar Ɗan Acaɓa

Har gobe ban mance ranar da na ɗauki Sale a Kwaɗo ba. Ku sababbin zuwa, Kwaɗo ita ce 'yar motar dajin nan ta gonar da muke aiki a bakin dam ɗin Zobe: kujera biyu gefe da gefe, babu ƙofa, sai ƙarfen da ya kewaye samanta kamar keji. Ni aka danƙa wa tuƙinta, domin ni ba mai yawo ba ne, daga gida sai gona.

Da rani ne, injin ban-ruwa ya mutu a fadamar tumatir, shuka ta fara laushi. Manaja ya ce maza in kai mai gyara. Mai gyaran kuwa Sale ne, taubashina, mutumin Kurfi, wanda ya daɗe yana acaɓa a Dutsin-Ma kafin ya koma gyaran inji.

Dokar Kwaɗo ba ta da wuya: hular kwano, bel a ƙirji, hannu da ƙafa duk a ciki. Na miƙa masa bel, ya harare ni.

"Ni akuya ce da za ka ɗaure ni? Lokacin da nake tashi sama da babur kai ko keke ba ka iya ba."

Na kashe mota, na ce, "To sauka ka tashi sama, bawana."

Ya ɗaura yana ƙunƙuni. "Mi ya yi zafi? Direban kwaɗo kawai!"

Da muka kai gangaren fadama na sa ƙaramar giya, muna sauka kamar masu rakiyar tsohuwa. Ashe bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, sama busasshe, ciki taɓo. Tayoyin ɓangaren Sale suka nutse, mota ta fara karkata. Sai kawai na ga ƙafar Sale ta fita waje za ta dafe ƙasa, yadda ya saba a kan babur.

Na daka masa tsawa, "Ƙafa ciki!" Na miƙa hannu na finciko wandonsa daga gwiwa. Kwaɗo ta kwanta a hankali, ƙarfen gefenta ya sauka a kan silifas ɗinsa da ya suɓule. Mu kuwa bel ya riƙe mu. Na kashe inji, muka rarrafo waje, 'yan ban-ruwa suka taru muka tayar da ita. Silifas ɗin ya rabe biyu.

Sale ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Wallahi ƙafar nan ban aike ta ba, ita ta tafi da kanta." A ranar, da ƙafa ɗaya babu takalmi ya gyara injin, tumatir ya sha ruwa kafin la'asar.

To kun ji. Mutanenmu kusan kowa a babur ya koyi hanya, kuma babur kana tare shi da ƙafa. Motar nan kuwa ta fi ƙarfin ƙashin mutum. Shi ya sa ba baƙon mota nake tsoro ba, gwanin babur nake tsoro. In kun ɗauki irinsa, ido ɗaya a hanya, ɗaya a ƙafarsa.