Babban Yatsan Baba Magini

Shekara talatin da ɗoriya Baba Magini yana damƙar siminti da hannu, har zanen yatsunsa ya shafe sumul kamar kwalba. Shi bai ma lura ba sai a zaɓen da ya wuce, da ya ɗora yatsa a kan na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi gane shi. Ya goge a riga, ya hura masa iska, ya sake gwadawa har sau bakwai. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne, bai taɓa liƙa hoton ɗan takara a ƙofarsa ba. Amma in kana neman dogon wa'azi, ce masa ba za ka yi zaɓe ba. Leburorinsa sun sha shi sun ƙoshi, don kafin ya tambayi sunan mutum katin zaɓensa yake tambaya. Yana saman katanga da cokalin gini a hannu zai leƙo ya ce, "Wanda bai zo ranar aza harsashi ba, kada in ji yana cewa ɗaki ya karkace."

Sai dai a gida albasa ba ta yi halin ruwa ba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe mai aiki a shagon magani, ta cika ashirin, amma ko katin sai da ya tasa ƙeyarta ta karɓo.

"Baba, an gama rabon tun daga sama," take cewa. "Rana kawai za mu sha."

Wannan magana tana ci masa rai fiye da ciwon gwiwarsa.

Saura mako uku zaɓen bana, Baba ya ba babban yatsansa hutu, wai ko zanen zai dawo. Kullum sai ya lafta masa mai ya naɗe da ƙyalle, ya riƙa jera bulo da yatsu huɗu, na biyar yana tsaye ƙiƙam. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ni da nake amarya ban ga wannan gatan ba."

"Ke ai ba a na'ura za a ɗora ki ba."

Ranar zaɓe Auta ta ɗauko masa kujerar roba saboda gwiwar, tana ta nanata cewa rakiya kawai ta zo. Awa uku suna layi. Da aka zo kansa ya kwance ƙyallen a hankali, ya yi bisimilla, ya ɗora. Na'ura ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi.

"Yi haƙuri, Baba," in ji ma'aikaciyar zaɓen, bayan gwaji na biyar.

Auta ta taɓa ganin bulo ya faɗo masa a ƙafa bai ce uffan ba. Yau ga shi yana goga yatsa a riga, idonsa ya ciko. Tausayinsa ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta.

"Ɗauko kujerar mu tafi," ya ce da ita.

"Zauna tukuna, Baba." Ta laluba jakarta ta zaro katinta, sabo fil. "Faɗa min wanda kake so, in dangwala maka."

Nan take tsohon ya murtuke fuska.

"Kul! Nawa yatsan siminti ya cinye, na ji na gani. Naki kuwa naki ne, ba a ba da aronsa. Je ki zaɓi wanda hankalinki ya kwanta da shi, kuma kada ki gaya min."

Ta koma can ƙarshen layi, inda babu ko inuwa. Shi kuwa ya gyara zama, duk wanda ya gifta sai ya kamo hannunsa, ya san shi ko bai san shi ba.

"Ka ga waccan mai shuɗin mayafi? 'Yata ce. Zaɓe za ta yi."